Motar da Na Saya da Fadamar Innarku

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina jan mota tsakanin Yelwa da Wara, kuma a tsawon wannan lokaci ko akuyar wani ban taɓa takewa ba. Na faɗi haka ne don ku san cewa wanda ya aikata abin da zan ba ku labari ba sabon shiga ba ne, ya san mota, ya san hanya. Ku uku Allah ya bar mana, ni da Innarku Rakiya: Sanda ɗan fari, sai Kulu, sai Nasiru auta. Yau shekara biyu da rasuwarta, kuma shekara biyu ke nan ku biyun, Kulu da Nasiru, kuna riƙe da yayanku a zuci kan laifin da ba nasa ba. Da sanina na bar ku a haka. Yanzu ido ya yi rauni, ƙafa ta fara ƙin kai ni masallaci, ba na so a kai ni makwancina da wannan magana a cikina.

Abin ya faro ne a shekarar da aka janye tallafin man fetur. Kowa ya ji a jikinsa, amma mu 'yan tasha ƙasa ta kai mu. Tsohuwar motata, wadda kuka buɗe ido kuka gani a ƙofar gida, ba ta ƙoshi da mai. Sai in yi lodi a Yelwa da safe, in sauke mutane a Wara, in kwaso matan da ke sayar da bandar kifi, su da kwandunansu, in dawo da la'asar, in tsaya a gidan mai in miƙa musu kusan duk abin da na wuni ina nema. In ka ƙara kuɗin mota, fasinja ya koma jirgin ruwa ko ya fasa tafiyar. Akwai ranar da na shigo gida da abin da bai isa cefane ba. Innarku ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka, ta shiga ɗaki ta kwance buhun shinkafar da ta ajiye don iri. Da ita aka yi mana tuwon ranar.

A cikin wannan hali ne na ɗauko wani ma'aikaci da ya zo ganin gida daga Abuja. Ya zauna a gaba, ya ji ina ƙorafi, sai ya ciro waya ya nuna min wata mota da ba ta shan mai ko ɗigo. Ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, wuta kawai ake ba ta kamar wayar hannu. Ya ba ni lambar wani dillali da ke shigo da na hannu daga waje. Na kira shi a ranar. Ya ce in an cika ta sau ɗaya za ta kai Birnin Kebbi daga Yelwa har da saura. Ya faɗi kuɗinta, na ga ko an sayar da tsohuwar motata sau uku ba za ta kai ba. Amma maganar ta riga ta shiga raina ta zauna.

Wanda na fara yi wa zancen shi ne Bulus, bakaniken da ya shekara talatin yana gyara min mota. Mutumin kan dutse ne daga wajen Ngaski, Kirista, kuma ban da 'yan'uwana na jini ba ni da wanda ya fi shi. Na same shi a gareji ya shige ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu, ya saurare ni har na gama.

"Garba, in ta lalace wa zai taɓa ta?"

Na ce an ce ba ta cika lalacewa ba.

"Wa ya ce? Mai sayarwa?" Ya yi dariya. "Ni dai in ka kawo mani ita, iyakata taya da birki. Sannan ina za ka ba ta wuta? Unguwarku yau kwana nawa rabonku da ita?"

Na nuna masa kudu da hannu, na ce ga madatsar Kainji nan a gindinmu, ƙasa duka daga nan take shan wuta, ba za a daɗe ana hana mu ba. Ya dube ni kawai ya koma ƙarƙashin motarsa. Ku ba ku san abin da wannan madatsa take a zuciyar irina ba. Ina yaro ƙarami ruwanta ya ci ƙauyenmu, aka kwaso mu a manyan motoci aka zube mu a gidajen da ba mu muka gina ba. Kabarin kakana yana ƙarƙashin tafkin nan da kuke gani. Abin da manya suka riƙa gaya mana shi ne an yi haka ne don a samu wuta, kuma mu ne za mu fara sha. Na girma, na yi aure, na yi furfura ina ganin manyan wayoyi suna ratsa daji suna wucewa wasu garuruwa, mu kuwa a kawo awa biyu a ɗauke kwana biyu. Duk da haka wani abu a raina bai daina cewa wutar nan tamu ce ba. Da na ga motar da ke tafiya da wuta, sai na ji kamar rabona ne ya iso a makare.

Dukiya ɗaya ce a gidanmu da za ta iya cike kuɗin, kuma ba tawa ba ce. Fadamar da Innarku ta gada daga mahaifinta ce a Shanga, a bakin kogi, wadda ƙanenta ke noma mata shinkafa yana aiko da rabonta duk kaka. Na yi mako guda ina zagaye maganar kafin na furta. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba har na gama.

"Malam, ita ka ciyar da gidan ga duk randa hanya ta ƙi."

Na ce da wannan mota hanya ba za ta sake ƙi ba. Na ce cikin shekara biyu zan saya mata wadda ta fi ta.

"Babu wadda ta fi ta, can anka haife ni." Ta kaɗe faifan ta ajiye. "Amma in ka ga alheri ne, a sayar. Abu guda ni ka roƙo, duk abin da ya samu motar, mai daɗi ko marar daɗi, kada ka ɓoye mani."

Na yi mata alkawari. Aka sayar da fadama, aka sayar da tsohuwar mota, aka tura wa dillali.

A kan tirela aka kawo ta. Na tambayi direban tirelar dalilin da ba a tuƙo ta ba, ya ce daga Abuja zuwa nan babu inda za a tsaya a ba ta wuta. Na ji wannan magana da kunnena, amma jama'a sun cika tasha suna kallo, ban tsaya auna ta ba. Fara ce, ƙarama, mai kujera biyar. Na shiga na danna maɓalli, babu ƙara, babu girgiza, ta zame kan titi kamar kwalekwale a ruwan safiya. Na kai ta ƙofar gida na ce Innarku ta fito. Ta sa mayafi ta shiga baya, na zaga da ita gari har bakin ruwa. Da muka dawo ta shafa kujerar ta ce, to, Allah ya sa ta zame mana alheri. Gaskiya watannin farko ta zame. In an kawo wuta sai in ja waya daga ɗaki in maƙala mata. Tana daɗewa kafin ta cika, wani lokaci wuni da kwana, saboda haka in ta yi aiki yau gobe hutu take yi. Amma ranar da ta fita, abin da na samu nawa ne, ba na gidan mai ba. Har nama ya dawo cikin miyarmu.

Da farkon damina taransifomar unguwarmu ta ƙone. Aka yi taro, aka rubuta takarda, aka yi karo-karo, aka ce mu jira. Muka yi ta jira. A nan ne Sanda ya shigo cikin lamarin. Kun san shagonsa na cajin waya yana jikin injin casar shinkafa, kuma mai injin ya kafa manyan faifan sola a rufinsa. Sanda ya roƙe shi ya yarda a riƙa maƙala motar in an tashi daga casa. Daga ranar ba wa motar wuta ya zama aikin Sanda. Shi ke zuwa ya ɗauke ta, ya maƙala, ya zauna a ƙofar shago yana leƙa ta, ya dawo min da ita da magariba ya gaya min inda mitar batirin ta tsaya. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma bai taɓa nuna min ya gaji ba. In hadari ya rufe rana, sola ba ta ja, sai mu sayi fetur mu zuba a janaretan shagonsa. 'Yan tasha suka samu abin dariya. In na shigo sai wani ya ɗaga murya ya ce ga mai motar da ba ta shan mai, janareta ka sha mata. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina. Waɗannan mutane yawancinsu ni na koya musu riƙe sitiyari.

Yanzu na zo kan abin da babu wanda ya sani cikinku. Wata safiya na fita ni kaɗai zan ɗauko kifi a wata tungar masunta kusa da Wara. Mitar tana nuna sama da rabi. Ina cikin tafiya na ga lambar tana sauka a gaban idona kamar ana zubar da ruwa daga tulu, motar ta yi nauyi, ta ja jiki kaɗan ta tsaya. Na kira Bulus, ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa ya ja ni ta bayan gari zuwa garejinsa. Na kira dillali, ya haɗa ni da wani mai gyara a Abuja. Mutumin ya sa na karanta masa abin da allon ke nunawa, sannan ya ce wani ɓangare na batirin ya mutu, kuma daga yau kada in yarda da mitar, za ta iya nuna cike alhali rabin abin ƙarya ne. Na ce a gyara. Ya ce ba a gyarawa a nan, sai an yi odar wani daga waje, a jira watanni, kuma kuɗinsa ya kusa kuɗin motar kanta. Na zauna a bencin Bulus na daɗe ban motsa ba.

"Ka je ka gaya ma Innar yara," in ji Bulus.

Na ce zan gaya mata, amma ba yanzu ba. Na ce ya yi min alkawari ba zai faɗa wa kowa ba.

"Wagga ba maganar ɓoyo ba ce, Garba. Mutane ka shiga motar nan."

Na matsa masa har ya yi alkawarin. Da na koma gida na ce birki ne ya ɗan kama. Innarku ta ce Allah ya tsare gaba, ta kawo min fura. Na sha furar ina kallon matar da na sa ta sayar da inda aka haife ta, bakina ya ƙi buɗewa. Daga ranar na daina zuwa Wara, na ce ruwa ya ɓata hanya. Na koma ɗan zirga-zirga a cikin gari da ƙauyukan kusa. A gajeriyar tafiya motar ba ta nuna komai, har na fara gaya wa kaina wataƙila mutumin Abuja ya zuzuta ne don ya sayar min da batir.

Bayan mako uku, da hantsi, Innarku tana tankaɗe gari ta faɗi. Kulu, ke kika fara isa kanta, kin shigo gaishe mu daga gidan mijinki. Bakinta ya karkace, hannun dama ya saki, tana kallonmu ba ta iya magana. Muka kai ta asibitin gari. Likitan ya duba ta ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma na'urar da za ta nuna abin da ya kamata a yi tana Birnin Kebbi. Motar asibitin ta riga ta fita da wani majinyaci tun safe. Ya ce mu tafi yanzu, kada mu tsaya komai. Muna tsaye mu uku a ƙofar asibitin, ni da Kulu da Sanda, Nasiru yana Sakkwato wurin aikinsa.

"Baba, a aika tasha a ɗauko shatar mota," in ji Kulu.

Sanda ya ce, "Jiya da shekaranjiya duk tana kan wuta, Baba. Cike take, da idona na gani."

Kulu, ke da Sanda ni kuke kallo. Tasha ba ta fi tafiyar minti biyar daga inda muke tsaye ba. Na sha tambayar kaina abin da ya ratsa zuciyata a wannan lokaci, kuma zan gaya muku yadda yake ba tare da na gyara shi ba. Na ce a raina tunda cike take, ko rabi ƙarya ne za ta kai mu nesa, wataƙila ma ta kai. Na ce neman shata zai ci lokaci. Waɗannan su ne dalilan da na ba kaina. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani, shi ne in na aika tasha sai an tambaye ni me ya samu tawa, kuma sai na faɗa a gabanku, a gaban Innarku da ke kwance tana ji. Na ce ku sa ta a mota.

Kulu na baya ta ɗora kan Inna a cinyarta, Sanda na gefena. Na kunna sanyi saboda ita. Mun bar Yelwa lafiya, motar tana gudu, har na fara yi wa Allah godiya a zuci. Can na ga lambar ta fara abin da ta yi a hanyar Wara. Na kashe sanyin, na rage gudu, na riƙe sitiyari ina karanta duk addu'ar da na sani. Sanda ya leƙo allon ya ce, Baba, mi ke faruwa?  Ta tsaya da mu a tsakanin Yelwa da Koko, inda babu gari, sai gonakin gero da wata ruga can nesa. Rana ta take tsaka. Cikin motar ya ɗauki zafi nan da nan, muka fito da Inna muka kwantar da ita a gindin wata ɗorawa. Wata Bafulatana ta hango mu ta kawo tabarma da ƙwaryar ruwa, ta tsuguna tana yi mata fifita da gefen zanenta. Waya ba ta shiga a wurin. Sanda ya tsaya a tsakiyar titi yana ɗaga hannu biyu, motoci suna kauce masa suna wucewa. Ban ga laifinsu ba, a zamanin nan ba kowa ke tsayawa a daji don ya ga an ɗaga hannu ba.

Kulu tana kuka tana tambayata yadda aka yi mota cike ta mutu. Ta tambaya sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sanda ya dawo daga titi gumi ya jiƙe masa riga. A nan na buɗe baki na yi maganar da ta fi komai muni a rayuwata.

"Sanda, ka tabbata ka cika ta jiya kuwa?"

Ya tsaya cak. Ya ce, "Na cika, Baba." Sannan a hankali ya sake cewa, "Ina jin na cika."

Na ga yadda Kulu ta ɗago ta dube shi. Na ga kuma idon Innarku a kaina. Ban san ko tana fahimtar abin da ake faɗa ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Mun kusa awa biyu a wurin kafin wani bawan Allah mai ɗauke da buhunan shinkafa ya tsaya, ya sauke wasu a gefen hanya ya yi mana wuri. Mun wuce Koko da kaɗan numfashinta ya canja. Kulu tana yi mata kalmar shahada a kunne har ta cika. Muka ce wa mai motar ya juya.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Likitan ma da ya zo gaisuwa ya ce irin wannan bugu ko an isa da wuri ba kowa ke tashi ba. Ban rubuta wannan don in ce da na aika tasha da tana raye ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da ke nawa shi ne ƙaryar da na yi mata, da tambayar da na jefa wa ɗana a gindin ɗorawar nan don a daina tambayata. A zaman makoki Kulu ta gaya wa Nasiru yadda aka yi. Ranar uku, bayan baƙi sun ragu, ina zaune a zaure na ji Nasiru a tsakar gida yana cewa, aiki ɗaya aka ba ka, Yaya, guda ɗaya, ka maƙala waya ka jira.  Tsakanina da su bango ne kawai. Na riƙe carbi na ci gaba da ja. Na gaya wa kaina in an yi bakwai zan faɗa, sannan na ce in an yi arba'in. Kullum da na ƙara, faɗin yana ƙara nauyi. Kun san kuma tsakanin uba da ɗan fari akwai kunya, tun yana yaro ban saba zama in yi doguwar magana da shi ba, sai na fake da wannan ma.

Bulus ya zo gaisuwa tare da matarsa. Da zai tafi na raka shi bakin hanya, ya tsaya bai ba ni hannu ba.

"Na ji abin da yara ka faɗi game da Sanda," ya ce. "Na yi maka alkawari, ba ni karya shi. Amma kada ka sake zama a bencina sai ka faɗa da bakinka."

Ban sake zama ba. In na hango shi a kasuwa sai in sake layi. Motar kuwa aka jawo ta gida ta yi wata da watanni a tsaye, lambar dillalin ta daina shiga, babu mai saye a duk ƙasar Yauri, har wani ya zo daga Kano ya ɗauke ta don kayan jikinta a kan abin da ba zai sayi ko kusurwar fadamar nan ba. Ban tsine wa motar ba. A garin da ke da wuta da masu gyara, ina jin abar arziki ce. Ni ne na kawo ta inda babu ko ɗaya, bayan an gaya min. Kafin shekara ta zagayo Sanda ya rufe shagonsa, ya kwashi iyalinsa ya koma wata tunga a ƙetaren tafki, yana haɗa wa masunta sola. Ya ce can ya fi kasuwa. Kowa ya san ba kasuwa ta kore shi ba. Kulu ta daina kai 'ya'yanta gidansa tun kafin ya tashi, Nasiru kuwa in ya zo gari sai dai su gaisa a masallaci kamar baƙi.

Watan da ya wuce na shiga jirgin ruwa na je wurinsa. Rabona da hawa ruwa na manta. Na same shi a kan rufin wata bukka yana ɗaure faifan sola, ya rame, gemunsa ya fara fari. Da ya gan ni ya sauko da sauri ya tsuguna, ya ce lafiya, Baba, da ka aiko ai da na zo. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma a inuwa ta kawo ruwa ta koma ciki. Na ce ya zauna kusa. Na gaya masa komai, tun daga hanyar Wara, da mutumin Abuja, da alkawarin da na sa Bulus ya yi, har abin da ke raina a ƙofar asibiti. Ban dube shi ba sai da na kai ƙarshe. Na yi zaton zai yi fushi, ko ya yi kuka, ko ya ce ya riga ya sani. Yana zaune ya zuba wa ƙasa ido. Can ya ce, kamar da kansa yake magana:

"Ashe na cika ta."

Sannan ya ce, "Baba, shekara biyu kullum sai na koma ranar nan. In ga kaina ina cire wayar, in duba mitar. Wata rana in ga cike, wata rana in ga ban duba ba. Har na je na tambayi mai injin ko ya tuna lokacin da na tashi."

Na ce ya yafe min. Ya ce, "Baba, ka sha ruwa, jirgin la'asar shi ne na ƙarshe." Ya tashi ya shiga ciki ya daɗe. Da ya fito idonsa ja, ya riƙo ƙullin busasshen kifi da matarsa ta ɗaure min. Ya raka ni bakin ruwa, ya riƙe hannuna har na zauna daidai, ya biya mai jirgi, ya ce a sauka da tsoho a hankali. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Jirgi ya tashi, na waiwaya na ga ya riga ya juya yana hawa tudu.

Kulu, Nasiru, na gwada in gaya muku baki da baki sau biyu tun dawowata, harshena ya ƙi, shi ya sa na rubuta. Ku je wurin yayanku, ku biyu, ku tafi da yara. Abin da za ku ce masa ku kuka san shi. Amma kada ɗayanku ya roƙe shi a madadina, kada kuma ku aika masa malami ko dattijo ya tuna masa haƙƙin uba. Ya riga ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa saboda ni. In ya ga dama ya zo, ƙofa a buɗe take. In bai zo ba, ku bar shi.